Sabon injin haƙar Bitcoin ba ya cin wuta? A yi lissafin da mitar Kano

Tun da guguwar mainin ɗin waya ta lafa, wata sabuwar magana ta shigo majalisun matasan Kano. Waɗanda suka kwashe watanni suna dangwalar wasan waya na Hamster Kombat a 2024, ranar fashewa, wato ranar biyan lada, ta zo da yawansu suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, sun gane cewa abin da suke yi ba haƙa ba ce. Yanzu ana gaya musu cewa haƙa ta gaske da inji ake yin ta, irin wanda ake haƙar Bitcoin da shi, kuma wai sababbin injinan ba sa cin wuta. Masu tallan ga lambobi a baki, ga hotunan rumbuna cike da injina a jere. Har na fara jin masu cewa ya kamata gwamnati ta jawo irin waɗannan kamfanoni, ta ba su fili da wuta, mu ma a dama da mu.

Ni ina ganin hanya ce da za ta cinye jarin yaranmu, in kuma hukuma ta sa hannu a ciki, ta haɗa da 'yar wutar da gari yake lallaɓawa da ita. Injinan sun inganta, babu musu, kuma aikin da injiniyoyi suka yi a kansu abin a jinjina musu ne. Sai dai an gina Bitcoin ta yadda duk sauƙin da sabon inji ya kawo ba ya daɗewa a aljihun mai shi, kuma ba ya rage wutar da harkar take sha a duniya.

Bitcoin, wanda ya fara aiki a Janairun 2009, littafin ajiya ne da ba shi da banki a bayansa. Kusan kowane minti 10 ake ƙara masa shafi ɗaya, wanda ya samu damar rubuta shafin kuma shi ake ba lada. Samun damar kuwa canki ne zalla. Inji zai ɗauki bayanan shafin ya haɗa da wata lamba, ya bi da su ta wani lissafi mai suna SHA-256, ya duba ko amsar ta faɗo ƙasa da iyakar da aka gindaya. In ba ta faɗo ba, ya canja lambar ya sake. Babu wayo a ciki, babu yanke. Wanda ya fi yawan canki a daƙiƙa shi ya fi kusa da ladan, kuma kowane canki wuta yake ci. Shi ya sa 'yan harkar ma'auni ɗaya suke dubawa kafin komai: jul nawa (ƙaramin ma'aunin wutar lantarki ne) inji yake sha kafin ya yi canki tiriliyan ɗaya.

Da farko da kwamfutar gida ake yi. A 2010 aka koma katin hoto na masu wasannin kwamfuta. A farkon 2013 kamfanin Canaan na China ya fitar da Avalon, injin da aka ƙera masa aisi na musamman (ɗan guntun da yake yin lissafi a cikin na'ura), irin wanda ake kira asik, wanda ba ya iya komai a duniya sai wannan lissafin guda ɗaya. A shekarar ne kuma aka kafa Bitmain a Beijing, mai injinan Antminer, wanda shi da MicroBT na Shenzhen da Canaan suke riƙe da kusan duk kasuwar har yau. Antminer S1 na 2013 yana shan kusan jul 2,000 a kowane canki tiriliyan. S9 na 2016 ya sauko wajen 98. S19 Pro na 2020 ya zo 29.5, S21 kuma 17.5. Wato a cikin shekara 10 an rage cin wutar kowane canki fiye da sau 100. Da mai talla ya tsaya a nan, da bai yi ƙarya ba.

Yadda aka kai ga haka ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ilimin yake. Aisi tarin ƙananan makunnai ne da ake kira tiransista, kuma duk lokacin da ɗaya ya kunnu ko ya mutu, yana shan 'yar wuta. Hanya ta farko ita ce a ƙanƙanta makunnin. Aisin S1 an buga shi a fasahar nanomita 55 (ma'aunin ƙanƙantar makunnin), na S9 a 16, daga baya aka zo 7, aka zo 5. Su kansu masu zana aisin ba su suke buga shi ba, masana'antar TSMC ta Taiwan da Samsung ta Koriya ta Kudu ake kai wa, a bi layi tare da masu wayoyi. Hanya ta biyu, wadda ta fi burge ni, ita ce rage ƙarfin wutar da ake ba aisin. Abin da makunni yake sha yana tafiya ne da ƙarfin wutar sau kansa, don haka in aka rage bolt da rabi, cin wutar sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Masu zana asik suna sauke shi har ƙasa da rabin bolt, dab da inda tiransista zai ƙi kunnuwa gaba ɗaya. Aisin zai rage gudu, sai a cike giɓin da yawa: a cikin S9 guda ɗaya akwai aisi 189 a kan allo uku. Sannan lissafin SHA-256 zagaye 64 ne, sai a shimfiɗa zagayen a jere a jikin aisin, kowanne yana miƙa wa na gabansa ba tare da jira ba. Ba a buƙatar ma'ajiyar bayanai mai yawa, ba a buƙatar duk tarkacen da ke cikin aisin waya. Har kuskure ana iya ɗaga masa ƙafa, domin in wani ɗan sashe ya ba da amsar banza, canki ɗaya aka rasa cikin tiriliyoyi. Aisin banki ko na jirgin sama ba zai taɓa samun wannan sassauci ba.

Amma a lura da yadda saurin yake raguwa. Daga 2013 zuwa 2016 an rage cin wuta kusan sau 20. Daga 2016 zuwa fitowar S21, shekara bakwai da 'yan kai, bai kai sau shida ba. An kusa ƙure abin da ƙanƙanta tiransista zai iya bayarwa, kowane mataki kuma yana ƙara tsada.

To ina duk wannan sauƙi ya tafi? Bitcoin yana da wata doka a cikinsa: bayan kowane shafi 2,016, wato kusan mako biyu, sai tsarin ya duba saurin da aka yi. In injina sun ƙaru har shafi yana fitowa kafin minti 10, sai ya ƙara wa cankin wuya don a koma minti 10. Ladan kuwa ba ya ƙaruwa, raguwa ma yake yi da rabi kusan duk shekara huɗu. Tun Afrilun 2024 Bitcoin 3.125 ne a kowane shafi, kusan 450 ke nan a rana ga duniya gaba ɗaya. Kwanon tuwo ɗaya ne aka ajiye a tsakar gida. In ka zo da babban cokali za ka fi kowa loma na ɗan lokaci, kafin kowa ya je ya sayo irinsa, tuwon kuma bai ƙaru ba. A farkon 2016 duk injinan duniya suna yin canki miliyan sau tiriliyan a daƙiƙa. A 2025 adadin ya ninka kusan sau 1,000. Inganci ya ƙaru, yawan injina ya fi shi ƙaruwa nesa ba kusa ba. Masanin tattalin arzikin Ingila William Stanley Jevons ya lura da irin wannan tun 1865 a kan kwal: da injinan tururi suka rage cin kwal, sai amfani da kwal ya ƙaru, saboda ya zama da riba ga mutane da yawa.

Masu bincike a Jami'ar Kambirij da suke bibiyar wannan harka sun kiyasta cewa haƙar Bitcoin tana shan fiye da yunit biliyan 100 a shekara. Layin wutar Najeriya gaba ɗaya yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, wanda in an lissafa a shekara bai fi yunit biliyan 40 da wani abu ba. Wannan bayan duk ingancin da aka samu ke nan. Ethereum, kuɗin kirifto na biyu a girma bayan Bitcoin, da ya so rage cin wuta ba sabon aisi ya nema ba. A Satumbar 2022 ya daina haƙa ɗungurungum, ya koma wani tsarin, cin wutarsa ya faɗi da fiye da kashi 99 cikin 100.

Kwanakin baya ɗan yayata ya zo min da hoton wani S9 a waya, wai wani zai sayar masa da araha, na hannu ne amma lafiya lau. Na sa ya kai ni na gani. Akwati ne na ƙarfe dogo, bai kai ƙaramin janareta ba, fanka gaba fanka baya. Da aka kunna shi sai da muka riƙa ɗaga murya kafin mu ji juna, iskar da ke fita ta baya kuma ba ka iya barin hannunka a gabanta na daɗewa. A jikin ragar fankar gaba ƙura ta riga ta yi kauri, ja-ja irin ta hunturunmu. Yaron idonsa na kan 'yar koriyar fitilar da ke ƙiftawa.

Na ce, "Ɗana, zauna mu yi lissafi kafin ka taɓa kuɗin mahaifiyarka."

S9 yana jan wajen wat 1,350. In ya kwana ya wuni a kunne, yunit 32 ke nan. Tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙara kuɗin wutar rukunin Band A a Afrilun 2024 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta, yunit ɗaya a Kano bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Kuɗin wutar rana ɗaya ya haura naira 6,000. Me zai samo? Daga rabe ladan 2024 zuwa cikin 2025, abin da canki tiriliyan 1,000 a daƙiƙa yake samarwa a rana yawanci ya riƙa kai-komo ne a kusa da dala 50. S9 yana yin tiriliyan 14. Rabonsa bai kai dala ɗaya ba, wajen naira 1,000 in dala tana kusan 1,500. Ka zuba dubu shida ka kwashi dubu ɗaya, kullum.

Ya ce, "Kawu, ai wannan tsoho ne. Sabon fa?"

Sabon ma muka lissafa. S21 yana yin canki tiriliyan 200, rabonsa wajen dala 10 a rana, naira 15,000. Amma wat 3,500 yake ja, fiye da ninki biyu na tsohon, domin abin da ya ragu cin wutar kowane canki ne, shi injin kansa ƙara ci ya yi. Yunit 84 a rana, kuɗinsu ya kai wajen naira 17,000. Ba a yi maganar kuɗin sayen injin ba, wanda miliyoyi ne, ba a yi ta kwastan ba, ba a yi ta gyara ba. Da dizal abin ya fi muni, tunda lita ɗaya yunit uku ko ɗan sama da haka take bayarwa.

"To sola zan sa masa, Kawu. Rana ai kyauta ce."

Rana kyauta ce, fanel da batir da inbata ba kyauta ba ne. Babban fanel na wat 550 yana ba da wajen yunit biyu da rabi a rana a nan Kano. Injin ɗaya yana buƙatar fanel sama da 30, da batiran da za su riƙe shi tun daga la'asar sakaliya har hantsi. Wanda yake da kuɗin wannan kayan, in ya buɗe wurin ƙanƙara ko cajin waya ko ya sayar wa maƙwabtansa masu shago wuta, ribarsa a naira take, a hannu, ba ta jiran farashin da ake yankewa a wata ƙasa. Yaron bai ji daɗi ba, amma bai saya ba.

Akwai kuma abin da takardar talla ba ta faɗa. Duk wat ɗin da injin ya sha zafi yake komawa, ba ya rage ko ɗaya. Masu ƙera su suna cewa kada iskar ɗakin ta wuce digiri 40 ko 45, mu kuwa a Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana haura 40. Aisi in ya yi zafi yoyon wutarsa ƙaruwa yake yi, lambar nan ta jul da aka yi talla da ita sai ta tashi, injin ya rage gudu ko ya kashe kansa. In ka sa masa na'urar sanyaya ɗaki ka ƙara kuɗin wuta. In hunturu ya zo zafi ya sauka, ƙura ta karɓi aiki. Manyan kamfanoni suna tsoma injinansu cikin wani mai na musamman ko su zagaya musu ruwa, wannan kuwa jari ne na daban.

Abin da ya fi damuna shi ne inda tsofaffin injinan suke nufa. Duk sanda sabon aisi ya fito, dubban tsofaffi suna zama asara a Amurka da Rasha da sauran wurare, kuma asik ba ya komawa wani aiki. Tsohuwar kwamfuta ɗalibi zai yi rubutu da ita, tsohuwar waya za a kira da ita, tsohon asik kuwa ƙarfe ne kawai. Mai shi yana neman wanda bai iya lissafin ba ya sauke masa. Mun ga yadda aka mayar da ƙasar nan juji na tsofaffin talabijin da firiji. Hukumar NESREA mai kula da muhalli da kwastan suna da hurumin hana shigo da sharar lantarki, kuma injin da ba zai iya biyan kuɗin wutarsa ba a kowace jiha ta Najeriya shara ne ko da fitilarsa tana ƙiftawa.

Wannan na ɗaiɗaikun mutane ke nan. Na hukuma ya fi shi nauyi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka wata rana wani zai shigo da takarda mai ƙyalli ya nemi a ba shi wuta da rangwame, ya ce zai kawo jari da ayyukan yi. Manyan masu haƙa ba sa zama sai inda yunit yake 'yan santin dala kaɗan, ninki uku ko huɗu ƙasa da abin da mai masana'anta a Sharaɗa yake biya. In har suka zauna a Kano, to wani ne ya biya musu bambancin, kuma wannan wanin mu ne. Tashar sola ta megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023, wadda aka yi ta murna da ita, injin S21 ƙasa da 3,000 za su shanye ta da tsakar rana. A Texas akwai gidan haƙa guda ɗaya mai shan ɗaruruwan megawat. Ayyukan yin kuwa 'yan gadi ne da masu goge ƙura da 'yan masu gyara. A kai wannan wutar Bompai ko Challawa, a ga masaƙa da majema da injin casar shinkafa mutum nawa za su ɗauka.

Ba hasashe nake yi ba, an gani a wasu ƙasashe. Da China ta kori masu haƙa a 2021, da yawa suka kwarara Kazakistan saboda arahar wuta. Kafin shekara ta zagayo ƙasar ta shiga ƙarancin wuta, a Janairun 2022 aka yanke musu layi. Iran ta dakatar da haƙa a bazarar 2021 saboda ɗauke wuta a birane. Kosobo ta haramta a farkon 2022. Waɗannan ƙasashe ne da wutarsu ta fi tamu wadata. Mu da a Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu, masu walda da teloli da masu niƙa suka zauna hannu rabbana, asibitoci suka koma kan janareta, ba mu da rarar da za mu yi kyauta da ita.

Masu goyon bayan harkar suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma ba zan tsallake ta ba. Akwai wutar da ake samarwa ba a da mai saye. Kamfanin Gridless yana kafa injina a ƙananan tashoshin ruwa a ƙauyukan Kenya da Malawi da Zambiya, yana sayen abin da ƙauyen bai sha ba, in buƙatar mutane ta tashi ya kashe injinansa. Kuɗin da yake biya yana taimaka wa tashar ta tsaya da ƙafarta. Habasha, da babbar madatsar ruwanta, ta sayar wa masu haƙa wutar da layukanta ba su kai ga rabawa ba, ta karɓi dala, ko da yake kusan rabin 'yan ƙasar ba su da wuta a gida, abin da ya sa ake ta muhawara a can. A Amurka ana ƙona iskar gas ɗin rijiyoyin mai da a da ake zubarwa a sama, a yi haƙa da ita. Na yarda da wannan a inda ya dace, wataƙila ma ya dace da wasu wurare a Neja Delta. Amma sharaɗinsa rara ce, Kano kuwa kowane yunit yana da masu jiransa a layi. Ko bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya iso, masana'antun da suka rufe da waɗanda suke numfashi da dizal sun riga kowa kama layi.

Maganar halasci ko haramcin kuɗin kirifto ta malamai ce, sun yi ta kuma suna kan yi. Ta fuskar doka, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa shi ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Ko wanda ya yarda da Bitcoin ɗari bisa ɗari, lissafin mita bai canja masa ba.

Abin da nake kwaɗayi wa Kano a cikin wannan labari shi ne ilimin da ya sauke jul 2,000 zuwa 17. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya ga abin da nake nufi: yaro ya sunkuya a kan madubin ƙara girma, bulowa a hannun dama, ɗan hantsaki a hagu, ya ɗaga aisin caji da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya dasa wani, waya ta tashi. Hannun yana nan, idon yana nan. Abin da ya rage shi ne a haɗa shi da wanda ya san dalilin da ya sa rage bolt yake rage ci, a Jami'ar Bayero ko ta Wudil ko kwalejin fasaha. Garin da yake rayuwa a kan batir ya fi kowa buƙatar masu iya zana na'ura mai ƙarancin ci: na'urar cajin sola da ba ta ɓarnar rabin abin da fanel ya kawo, inbatar da ba ta shanye batir tana zaune, famfon ban-ruwa na manoman Kura da Kadawa, firijin allurar rigakafi da zai kai asuba. Buga aisi a nanomita 5 ba namu ba ne yanzu, masana'antarsa biliyoyin dala take ci. Zana allo da tsara yadda zai sha wuta kuwa kwamfuta da malami yake buƙata. Ɗalibin da yake son ganin cikin asik da idonsa, akwai ƙaramin allo mai suna Bitaxe da aka saki zanensa kyauta ga kowa, aisi ɗaya ne a kai, yana jan wat 15 zuwa 20. Ba zai ba shi riba ba, amma zai iya sauke bolt da hannunsa ya ga zafi da gudu suna canjawa. Sashen injiniyan lantarki zai iya sayen irinsa da yawa da kuɗin S21 ɗaya.

Ga 'yan majalisar jiha kuma, lokacin da za su zauna kan dokar wutar Kano, ina roƙon a sa sashe ɗaya a fili tun kafin mai takarda ya iso: ba za a ba gidan haƙar kirifto wuta daga layin jama'a ba, ba za a yi masa rangwamen kuɗin wuta ko na haraji ko na fili ba. Wanda ya kafa tasharsa da kuɗinsa ya yi abinsa, da sharaɗin unguwa ko ƙauyen da ke kusa su fara sha, in buƙatarsu ta tashi injinansa ne za su fara mutuwa.